Yadda Ake Fitar da Filin Lantarki da Juyawar Filazma a Cikin Tokamak

Tokamak inji ne mai siffar zobe da ke riƙe filazma, wato iskar gas mai tsananin zafi wadda atom ɗinta suka rabu zuwa ilektiron da ayon masu caji, ta hanyar maganadisu. Filazmar da ke cikinsa ba ta zama wuri ɗaya. Tana gudu a doguwar hanya, wato kewayen zoben injin gaba ɗaya, tana kuma juyawa a gajeriyar hanya, kewayen kaurin zoben. Tare da wannan gudu akwai filin lantarki da ke fuskantar bango ko yake fuskantar tsakiya, wanda ake rubutawa Er. Ba a cusa waya a cikin abin da zafinsa ya haura digiri miliyan 30 a ce za a auna shi. Da lissafi ake fitar da shi, kuma lissafin layi ɗaya ne tak. Sai dai a wannan layi ɗayan ake yawan tuntuɓe, galibi ta hanya biyu: a juya alama, ko a gauraya bayanan ayon iri biyu a lissafi guda.

Dalilin damuwa da wannan fili ya samo asali daga injin ASDEX da ya yi aiki a Garching a Jamus. A 1982 Friedrich Wagner da abokan aikinsa suka ga filazma ta sauya hali farat ɗaya, ta riƙa riƙe zafinta kusan ninki biyu. Wannan shi ake kira yanayin H. Daga baya awo ya nuna cewa a gefen filazmar, a cikin tazarar santimita ɗaya zuwa biyu, Er yana zurmawa ƙasa da sifili kamar rijiya. A 1990 Biglari da Diamond da Terry suka nuna a lissafi cewa saɓanin gudu tsakanin layi da layi na filazma yana yayyaga hargitsin da ke kwashe zafi zuwa waje. Tun daga nan babu samfurin tokamak na kirki da ke tsallake Er.

Tushen lissafin

Ƙwaya mai caji tana kewaya layin maganadisu. Idan akwai filin lantarki a gicciye da na maganadisu, tsakiyar kewayen nata yana gocewa gefe da gudun v = E×B/B², inda E filin lantarki ne, B na maganadisu. Babu caji a wannan jimla, babu nauyi. Ilektiron da diyuteriyom (haidirojin mai nauyi) da kabon duk gudu ɗaya suke yi, zuwa gefe ɗaya. Wannan ne ya sa Er ya zama abin tarayya a tsakaninsu. Sauran abubuwan, wato matsi da gudu, kowane irin ayon da nasa.

Ga daidaiton ƙarfi daga ciki zuwa waje, na irin ayon guda ɗaya mai caji Z:

Er = (1/Zen)(dp/dr) − vθBφ + vφBθ

A nan n yawan ayon ne a mita mai siffar kubu, p matsinsa ne, wato n sau zafinsa T, e cajin firoton ɗaya, r nisa daga tsakiyar kaurin zoben, dp/dr gangarar matsin, v gudun ayon, φ doguwar hanya, θ gajeriya. Za mu kira sassan uku kason matsi, kason gajeriyar hanya da kason doguwar hanya.

Mataki na farko: tsayar da alƙibla kafin komai

Ɗauki takarda ka zana injin daga sama. Sa kibiya ga kwararar lantarkin filazma, wata ga Bφ, wata ga inda ake harba atom marasa caji don dumama filazmar. Jimlar da ke sama tana aiki ne idan r, θ, φ sun bi tsarin hannun dama. Idan shirin kwamfutar da ya ba ka ma'aunin maganadisu yana bin wani tsarin, kuma da yawa suna yin haka, alamomin za su juye ba tare da wani gargaɗi ba.

Akwai gwaji biyu da ke tona wannan. Filazmar da ke gudu tare da kwararar lantarki dole ta ba da kason doguwar hanya mai alamar ƙari. Kason matsi kuwa, a wurin ayon, kusan kullum alamar ragi gare shi, domin matsi raguwa yake yi daga tsakiya zuwa waje. Idan ɗaya daga cikin biyun ya saɓa, kada ka ci gaba.

Mataki na biyu: maganadisu a daidai wurin da kake awo

Mu ɗauki inji mai girman DIII-D na San Diego a Amurka, mu daidaita lambobin don sauƙi: babban radiyos R0, wato nisa daga cibiyar injin zuwa tsakiyar kaurin zoben, mita 1.7, maganadisu tesla 2 a tsakiya. Lambobin filazmar da za su biyo baya na misali ne, amma irin waɗanda ake gani ne a inji mai wannan girma. Muna son Er a r = mita 0.3 ta gefen waje, wato R = mita 2.0.

Bφ yana raguwa da 1/R. Saboda haka a wurinmu ba tesla 2 ba ne: 2 × 1.7/2.0 = tesla 1.7. Wanda ya manta da wannan ya riga ya saka kuskuren kusan kashi 18 cikin ɗari a kason gajeriyar hanya.

Bθ daga kwararar lantarkin da ke cikin da'irar r yake fitowa. Idan filazmar mai siffar da'ira ce, Bθ = μ0I/2πr, inda I kwararar lantarkin ce, μ0 kuma tsayayyar lambar maganadisu. Da amfiya 450,000 a cikin r = 0.3, za ka sami tesla 0.3. Filazmar gaske doguwa ce mai siffar harafin D, don haka a aiki na gaske daga shirin sake gina daidaito irin su EFIT ake ɗauko Bθ. A gefen filazma wannan lamba abin dogaro ce. A can ciki kuwa tana buƙatar ƙarin awo na cikin filazmar, in ba haka ba shirin zato kawai yake yi game da yadda kwararar ta rarrabu.

Mataki na uku: zaɓi ayon guda, ka tsaya a kansa

Babban ayon ɗin filazma diyuteriyom ne, amma ba shi aka fi aunawa ba. Abin da aka saba shi ne a duba kabon. Idan atom mara caji daga harbin dumama ya ba kabon mai caji 6 ilektiron ɗaya, kabon ɗin yana fitar da koren haske a nanomita 529.1. Wannan hanya ita ake taƙaitawa CXRS. Daga layin hasken nan guda ana samun abu uku: faɗinsa yana ba da zafi, ƙarfinsa yana ba da yawa, gocewarsa kuma tana ba da gudu.

Gocewar ƙarama ce ƙwarai. Δλ = λv/c, don haka gudun kilomita 150 a sakan yana goce layin da nanomita 0.26 kawai. Kilomita 1 a sakan kuwa nanomita 0.0018 ne. Ɗan sauyin zafin ɗakin da na'urar raba haske take ya isa ya haifar da gocewa mai wannan girma, shi ya sa ake sake daidaita na'urar da fitilar niyon akai-akai, wasu ma bayan kowane gwajin filazma.

Abin da ba a sassautawa: idan gudun na kabon ne, matsin ma na kabon ne, Z kuma 6 ne. Ɗauko gudun kabon a haɗa da gangarar matsin diyuteriyom shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki, kuma ba ya bayyana da kansa, domin lambar da ke fitowa tana kama da mai hankali.

Mataki na huɗu: haɗa kaso ukun

Ya fi sauƙi a rubuta kason matsi haka: (T/Ze) × (n′/n + T′/T), inda n′ da T′ gangarar yawa da ta zafi ne. Idan T yana cikin ilektiron-bolt (eV, dubunsa kuma keV), T/e bolt ne kai tsaye, babu buƙatar wani juyi.

Mu ce zafin kabon keV 3 ne, yana raguwa da keV 10 a kowace mita, wato T′/T = −3.3. Yawansa yana raguwa a hankali, n′/n = −1. Jimla −4.3. Sai 3000/6 = 500, sau −4.3, ya ba da kusan −2.2 kV/m.

Gudun doguwar hanya kilomita 150 a sakan, tare da kwararar lantarki: 150,000 × 0.3 = +45 kV/m.

Gudun gajeriyar hanya +2 kilomita a sakan: −2,000 × 1.7 = −3.4 kV/m.

Er ya zama kusan +39 kV/m. Raba da jimillar maganadisu, tesla 1.73, gocewar E×B ta zama kusan kilomita 23 a sakan.

Duba yadda kason doguwar hanya ya danne sauran. Haka abin yake a tsakiyar duk filazmar da ake tura ta da harbin atom zuwa gefe ɗaya. A irin wannan wuri, kuskure a gudun gajeriyar hanya ba ya ɓata sakamako sosai. Wanda ke ɓatawa shi ne Bθ.

Wata matsala ta daban ita ce ɗaukar gangara daga awo mai hayaniya. Kada ka raba bambancin maki biyu da ke kusa da juna da tazararsu. Fara zana lanƙwasa mai santsi ta cikin makin, sannan ka ɗauki gangarar lanƙwasar. A tsakiya lanƙwasa mai sassauci ta isa. A gefe, inda matsi ke faɗuwa farat ɗaya, an saba amfani da siffar tanh da aka ɗan gyara. Idan ka yi santsin da yawa, rijiyar za ta cike a takardarka alhali tana nan a injin.

Mataki na biyar: komawa ga diyuteriyom

Tunda Er na kowa ne, yanzu za a iya juya jimlar a nemi gudun babban ayon. Idan gangarar diyuteriyom ta yi daidai da ta kabon, kason matsinsa 3000 × −4.3 ne, wato −13 kV/m, ninki shida na na kabon. To sauran kaso biyun dole su tara 39 + 13, kusan 52 kV/m.

Jimla ɗaya, abin nema biyu. A nan ake aron ka'idar neokilasik, wadda ke cewa gogayya tsakanin ayon da suka maƙale a gefen waje da waɗanda ke wucewa tana danne gudun gajeriyar hanya, ta bar shi a vθ = kT′/eBφ. Idan karo tsakanin ayon ya yi ƙaranci kuma zoben siriri ne, k = 1.17. A inji mai kauri irin namu, inda fiye da rabin ayon ɗin a wannan radiyos maƙalallu ne, k yana sauka zuwa wajen 0.6. Idan karo ya ƙaru, k yana juya alama ya koma −0.5, ya ma wuce. Wanda ya saka 1.17 ko'ina daga tsakiya har gefe ya yi sakaci. Shirye-shirye irin su NCLASS da NEO suna lissafa k ga kowane radiyos.

Da k = 0.6, vθ ya zama kusan −3.5 kilomita a sakan, kasonsa +6 kV/m. Saura 46, a raba da 0.3: diyuteriyom yana gudun kusan kilomita 153 a sakan a doguwar hanya. Ya yi kusa da na kabon, kuma haka ya kamata, domin gogayya tana tilasta musu tafiya kusan tare a bisa layin maganadisu. Idan ka sami tazarar kilomita 50 ko 60 a wuri mai gangara mai laushi irin wannan, koma ka duba alamominka.

Gefen filazma, inda lissafin ke juyewa

A yanayin H, dab da iyakar filazma, komai ya sauya. Mu ce zafin ayon eV 300 ne, yawa yana faɗuwa a tsawon santimita 2, zafi a tsawon santimita 4. Wato n′/n = −50, T′/T = −25. Kason matsin diyuteriyom: 300 × −75 = −22.5 kV/m. A gwaje-gwajen ASDEX Upgrade, injin da ya gaji ASDEX, an ga cewa a wannan yanki kason matsin babban ayon kusan shi kaɗai ne ke ba da zurfin rijiyar, sauran kaso biyun ba su da yawa idan aka haɗa su. To mu ɗauki Er ≈ −22.5 kV/m.

Yanzu dubi kabon a wuri ɗaya. Kason matsinsa −3.75 ne kawai, saboda rabawa da 6. Idan yana gudun kilomita 20 a sakan a doguwar hanya, Bθ kuma tesla 0.3, wannan +6 ne. Kafin ya kai −22.5, dole kason gajeriyar hanya ya ba da kusan −25 kV/m. A R = mita 2.3 maganadisu tesla 1.5 ne, don haka kabon yana juyawa a gajeriyar hanya da kilomita 16 zuwa 17 a sakan. Ga abin lura: filin lantarki ɗaya, amma a wurin diyuteriyom matsi ne ke ɗauke da shi, a wurin kabon juyawa ce. Wanda ya ga kabon yana wannan gudu ya ce filazmar duka haka take juyawa, bai fahimci jimlar ba.

A nan kowane kilomita 1 na kuskure a vθ yana zama 1.5 kV/m. Kuma awon gajeriyar hanya yana da tarko: yiwuwar musayar ilektiron ta dogara da gudun karo, ayon ɗin kuma yana ci gaba da kewayawa na ɗan lokaci kafin ya fitar da haske, abin da ke haifar da gudun ƙarya. A gefe, inda zafi bai kai ba, wannan gudun ƙarya kaɗan ne. A tsakiya mai zafi yana iya kai girman gudun gaskiya. Maganin da aka saba shi ne duba wuri ɗaya daga sama da ƙasa a lokaci guda, ko a gyara da lissafin atom.

Sai batun matsayi. Rijiyar santimita ɗaya da rabi ce, kuskuren shirin daidaito wajen sanya iyakar filazma kuwa yana iya kai rabin santimita ko fiye. Idan za ka haɗa bayanai daga na'urori biyu, daidaita matsayinsu tukuna. Inda hali ya yi, gwada sakamakon da awon igiyar maikurowef da ke dawowa daga hargitsin filazma, wanda ke ba da gudun gicciye ba tare da kabon ba, ko da yake shi ma yana ɗauke da gudun hargitsin kansa a ciki.

Da zarar an ƙetare iyakar zuwa inda layukan maganadisu ke taɓa bango, a ajiye wannan tunani. A can siririn kuben caji da ke jikin bango ne ke tsayar da ƙarfin lantarki, kusan sau 3 na zafin ilektiron. Tunda zafin raguwa yake yi zuwa waje, Er ≈ −3 dTe/dr a ma'aunin bolt, kuma alamar ƙari gare shi. Ragi a ciki, ƙari a waje, tazara 'yar kaɗan: nan ne saɓanin gudu ya fi tsanani.

Lissafin saɓanin gudu

Abin da ke kashe hargitsi ba girman Er ba ne, sauyinsa ne. Amma ba dEr/dr kawai ake ɗauka ba. Jimlar Hahm da Burrell ta 1995 ta saurin saɓanin gudu, ωE, a tsakiyar gefen waje, ita ce:

ωE = (RBθ/B) × d/dr (Er/RBθ)

Dalilin raba Er da RBθ yana da muhimmanci. Filazmar da ke juyawa gaba ɗaya a matsayin dunƙule ɗaya tana da Er = ωRBθ (ω saurin juyawar ne, vφ/R), wanda ke sauyawa da radiyos alhali babu wani layi da ke zame wa ɗan'uwansa. Wanda ya ɗauki gangarar Er tsagwaronta a tsakiya zai ga saɓanin da babu shi. A rijiyar gefe bambancin bai taka kara ya karya ba, domin Er yana sauyawa da sauri fiye da RBθ nesa ba kusa ba. A misalinmu: 22,500 a raba da mita 0.015, a raba da tesla 1.5, ya ba da kusan miliyan 1 a sakan.

Ana gwada wannan da saurin girman hargitsin da ya fi kowane saurin girma. Ƙiyasin gaggawa shi ne gudun sauti a raba da ƙaramin radiyos, wato rabin kaurin zoben: a eV 300 gudun sautin diyuteriyom kilomita 120 ne a sakan, a raba da mita 0.6, ya ba da 200,000 a sakan. Saɓanin ya fi shi sau biyar. Ƙiyasi ne kawai, kuma a gangara mai tsauri yakan rage gaskiya, don haka idan hukunci ya dogara a kai, a fitar da saurin girman daga shiri irin GENE ko GS2.

Idan juyawar ta yi ƙarfi

Kada ka kwatanta vφ na wurare daban-daban, kwatanta ω = vφ/R. A matakin farko na ka'ida, ω ɗaya ne a duk faɗin fatar maganadisu guda, wato shimfiɗa mai siffar zobe da layukan maganadisu ke kwance a kanta, abin da ke komawa ga dokar da Ferraro ya fitar a 1937. A misalinmu ω = 75,000 a sakan. A gefen ciki na wannan fatar, R = mita 1.4, gudun kilomita 105 ne ba 150 ba, kuma wannan ba kuskuren na'ura ba ne.

Juyawa tana wurga ayon masu nauyi zuwa gefen waje kamar dutse a majajjawa. Gudun zafin diyuteriyom a keV 3 kilomita 536 ne a sakan, don haka namu 150 bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma diyuteriyom kusan bai ji komai ba, bambancin yawansa tsakanin waje da ciki kashi 2 cikin ɗari ne. Kabon yana samun kusan kashi 13. Tungistan mai nauyin 184, da caji wajen 40 a wannan zafi, yana taruwa a waje kusan sau 17 fiye da ciki. An ga irin wannan taruwa a tokamak ɗin JET da ke Culham a Ingila bayan an sa masa bangon beriliyom da tungistan a 2011. Wajen lissafa wannan, a tuna cewa ilektiron ba sa jin wurgin, don haka ɗan ƙaramin filin lantarki yana tasowa a bisa fatar don daidaita caji, kuma shi ke rage nauyin da ake sakawa a jimlar daga m zuwa m − Z·mD·Te/(Te+Ti), inda mD nauyin diyuteriyom ne, Te zafin ilektiron, Ti na ayon. Idan aka manta da shi, sau 17 ɗin zai zama kusan sau 38.

Abin da jimlar ba ta faɗa

Daidaiton ƙarfi yana nuna cewa abubuwa huɗu, wato Er da kaso ukun nan, sun dace da juna. Bai ce wanne ya haifar da wanne ba. Idan samfurinka na hasashe ne, ba na fassara awo ba, kana buƙatar wata jimla da za ta rufe lissafin, kuma wannan ya dogara da siffar injin.

A tokamak mai cikakkiyar daidaituwa a kewayen zobe, fitar ayon da ta ilektiron suna daidaita kansu a matakin farko ko da wane Er aka saka. Saboda haka sharaɗin daidaiton caji ba zai ba ka Er ba. Dole ka warware jimlar safarar ƙarfin juyawa a doguwar hanya: turin da harbin atom ke bayarwa, ragin da hargitsi ke yi, birkin da ƙananan lanƙwasar maganadisu ke jawowa, da juyawar da filazma ke yi da kanta ba tare da turi ba, wadda John Rice da abokansa suka auna a Alcator C-Mod na MIT, inda a yanayin H take bin kwararar lantarki. Wannan na ƙarshe yana da nauyi ga ITER, babban tokamak ɗin da ake ginawa a Cadarache a kudancin Faransa, domin filazmarsa mai girma ce kuma turin harbin atom ba zai juya ta da yawa ba.

A sitelareta, wato injin zobe mai murɗaɗɗen maganadisu, irin Wendelstein 7-X na Greifswald da ya fara aiki a Disamban 2015 ko LHD na Japan, babu wannan daidaituwa, fitar ayon da ta ilektiron kowace ta dogara da Er ta hanyarta. Sai a lissafa su biyun a kan jerin ƙimomin Er, a nemi inda suka haɗu. Wani lokaci mahaɗa ɗaya ce, mai alamar ragi, wadda ake kira tushen ayon. Idan ilektiron sun fi zafi sosai kuma yawa ya yi ƙasa, mahaɗa uku ke fitowa: tushen ayon, tushen ilektiron mai alamar ƙari, da ta tsakiya wadda ba ta tsayuwa. Shirin neman tushe da aka bari ya zaɓa da kansa zai riƙa tsalle tsakaninsu daga radiyos zuwa radiyos. A zana lanƙwasar duka a kowane radiyos a gani da ido, a jefar da ta tsakiya, sannan a yi amfani da jimlar yaɗuwar Er don tsayar da wurin da filazmar ke sauyawa daga tushe ɗaya zuwa ɗayan.